Tsohon sule da ƙyallin da bai dace da shekarunsa ba

Sulen azurfa na shekarar 1913 shi ne na farko da na saya da kuɗin aljihuna bayan da na soma tara tsofaffin kuɗi, kuma har yau yana nan a akwatina, ko da yake ba shi ne na fi alfahari da shi ba. Na gan shi ne a rumfar wani dattijo mai sayar da kayan da, yana kwance a faranti tare da kwabbai masu huji da aninai da 'yan taro da sisi, shi kaɗai yana ta walƙiya a cikinsu kamar ranar aka buga shi. A fuska ɗaya akwai Sarki Joji na Biyar da kambinsa, a ɗaya fuskar kuma akwai bishiyar kwakwar nan da kakanninmu suka saba gani. Na san cewa 1913 ita ce shekarar farko da Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fitar da nata kuɗin azurfa, saboda haka ban tsaya dogon ciniki ba, na biya na tafi ina murna.

Da dare na ɗauko shi a ƙarƙashin fitilar tebur, na riƙe shi ta gefe na karkata shi kaɗan, sai na ga filin da ke gaban fuskar sarkin ya cika da siraran layuka masu yawan gaske, dukkansu sun miƙe sun nufi gefe guda, kamar sawun tsintsiya a tsakar gida bayan shara. Da na ƙara dubawa sai na lura cewa gemun sarkin ya sude, duwatsun kambin sun shafe, ganyen kwakwar ma ya rasa tsaginsa. Wato sulen ya yi shekaru yana yawo a hannun mutane har ya zaizaye, amma duk da haka yana ƙyalli fiye da sabo. Waɗannan abubuwa biyu ba sa haɗuwa a kan kuɗi ɗaya sai in an sa masa hannu, kuma wannan saɓani tsakanin zaizaya da ƙyalli shi ne abu na farko da nake nema a duk tsohon kuɗin da aka miƙo mini tun daga wannan daren.

Domin a fahimci dalilin da ya sa masu tara kuɗi suka ɗauki wannan batu da zafi, ya kamata a san yadda kuɗi ke samun sheƙinsa na asali. Ba goge shi ake yi a ma'aikata ba. Ana sanya guntun ƙarfen da aka yanka a tsakanin hatimai biyu, a danne shi da ƙarfi mai tsanani, sai ƙarfen ya malala daga tsakiya zuwa baki yana cike ramukan zanen, kuma wannan malalar tana barin wasu 'yan ƙananan layuka da ido ba ya iya rarrabe su, waɗanda suka fito daga tsakiya suka bazu ta ko'ina. Su ne suke kama haske. Idan mutum ya riƙe sabon kuɗi a ƙarƙashin fitila guda yana juya shi a hankali, zai ga hasken ya rabu gida biyu yana zagaya fuskar kuɗin kamar fukafukan fanka mai juyawa sannu. Wannan fatar ta sama ba ta kai kaurin gashi ba, kuma da zarar toka ko yashi ko soson ƙarfe ya bi ta kanta, ta tafi ke nan, babu maƙerin da zai iya mayar da ita. Kuɗin da aka goge shi ma yana ƙyalli, amma ƙyallinsa irin na cokali ne ko bakin faranti: hasken yana faɗowa a kan fuskar gaba ɗaya lokaci guda, ya ɗauke lokaci guda, ba ya zagayawa.

Saboda haka ba na duba kuɗi a tsakiyar rana ko a ƙarƙashin doguwar fitilar nan mai farin haske da ake sawa a shaguna, domin hasken da ya bazu ta kowane gefe yana ɓoye ƙwarzane. Nakan koma cikin inuwar rumfa in kunna ƙaramar tocila, ko ta wayar hannu in babu wata, in riƙe kuɗin ta bakinsa tsakanin babban yatsa da manuni, in riƙa karkata shi ina juyawa har ya zagayo inda na faro. Juyawar tana da muhimmanci ƙwarai, domin layukan guga ba sa bayyana sai hasken ya faɗo musu ta gicciye, kuma mutum zai iya kallon kuɗi ta kusurwa uku bai ga komai ba, a ta huɗu filin ya cika da su. Sai bayan na gama duba shi da ido nake ɗauko gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. Wanda yake ƙara girma sau biyar zuwa sau goma ya wadatar. Wanda ya wuce haka yana sa kowane ɗan tabo ya zama kamar rami, har mutum ya ƙi kuɗin da ba shi da laifi.

A nan ne wajibi a rarrabe tsakanin layuka iri uku, domin na ga mutane da yawa, ni ma a cikinsu a farkon al'amari, suna ɗaukar kowane ƙwarzane a matsayin shaidar wanki. Kuɗin da ya yi yawo a kasuwa dole ya samu tabo, saboda ya gogi 'yan'uwansa a aljihu da lalita da asusu, amma irin wannan tabo ba shi da tsari: wani gajere ne, wani mai zurfi, wani ya nufi gabas, wani kudu. Layukan guga kuwa sirara ne, zurfinsu kusan ɗaya, suna tafiya a jere kamar kunya a gona, ko kuma su yi da'ira idan mai gogewar ya murza da yatsa yana zagayawa, kuma suna hawa kan fuskar sarki da kan haruffa su sauka ta ɗaya gefen ba tare da sun katse ba. Iri na uku shi ne ya fi ruɗarwa. Wani lokaci ma'aikatan buga kuɗi sukan goge hatimin da kansa domin su gyara shi, sai gogewar ta bar layuka a jikin hatimin, su kuma su fito a kan kowane kuɗin da aka buga da shi. Bambancin shi ne waɗannan layuka sun taso ne sama da filin maimakon su nutse a cikinsa, kuma idan sun iso bakin harafi ko hoton sarki sai su tsaya kamar sun shige ta ƙarƙashinsa, su ci gaba a ɗaya gefen. Irin wannan ba aibi ba ne ko kaɗan, haka kuɗin ya baro ma'aikata.

Wurin da na fi daɗewa a kansa shi ne lungunan zane, domin a nan mai wanki ya fi barin sawunsa. Tsumma da yatsa suna bin fili ne da tudu, ba sa iya shiga cikin kusurwar harafi ko tsakanin lambobin shekara ko ƙarƙashin ganyen kwakwa. Idan ka ga fili fari tas, amma kowane harafi yana kewaye da baƙin zobe siriri mai kaifin baki, ka san cewa baƙin nan shi ne launin da dukan kuɗin yake da shi kafin a taɓa shi. Gaskiya ne cewa kuɗin da ba a wanke ba shi ma tudunsa yakan fi lungunsa haske, tun da tudun ne yake gugar hannu, amma a wurinsa launin yana sauya ne a hankali, daga toka-toka mai haske a kuncin sarki zuwa mai duhu a fili zuwa baƙi a gindin haruffa, ba tare da wata iyaka da za ka iya nunawa da allura ba. Kuɗinmu na Afirka ta Yamma suna da ƙarin wuraren dubawa da kuɗin wasu ƙasashe ba su da su. Kwabo da ɗari, wato rabin kwabo, da anini suna da huji a tsakiya, kuma a bangon hujin man guga yakan maƙale ya bushe ya zama fari ko shuɗi-shuɗi, haka ma a kusurwoyin tauraro mai tsini shida da ke bayansu da cikin lanƙwasar rubutun Larabcin da ke ƙarƙashin hujin. Sule da fataka da aka soma bugawa a 1938 kuma suna da wani tsagi da ya zagaye bakinsu, wanda aka yi domin hana jabu, kuma na sha samun busasshen man guga irin su Brasso a cikin tsagin nan a kuɗin da fuskarsa ba ta nuna komai ba a kallon farko.

Kowane ƙarfe yana da irin tsufansa, kuma wanda bai san launin tsufan ba ba zai gane launin wanki ba. Azurfa tana haɗuwa da farar wutar da ke cikin iska da hayaƙi da jemammiyar fata, sai ta soma da ruwan zuma, ta koma ƙasa-ƙasa, wani lokaci da ɗan shuɗi, daga ƙarshe ta yi baƙi, kuma sau da yawa launin yakan faro daga baki ya shigo ciki. Sulalla daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin dubu, saboda haka ba zai yiwu a ce wanda ya yi yawo sannan ya kwanta shekaru sama da ɗari a gwangwani ya fito fari fat ba. Daga 1920 aka koma ga tagulla mai ruwan ɗorawa, wadda tsufanta yake kai ta ga launin zaitun ko ƙasa-ƙasa mai duhu, idan kuma an goge ta sai ta yi rawaya mai ɗaukar ido kamar sabon makulli. Kwabbai masu huji na kafin 1952 gaurayen jan ƙarfe ne da nikel, suna tsufa su yi toka-toka mai laushi, wankakke kuwa fari ne mai bushewa a ido. Waɗanda aka buga daga 1952, da kwabon Tarayyar Nijeriya na 1959, jan ƙarfe ne ya fi yawa a cikinsu, kuma su ne suka fi saurin tona asirin mai wanki, domin lemon tsami da tsamiya suna mayar da su wani launi ja-ja mai kama da cikin gwaiba, wanda ba ja ne na sabon kwabo ba, ba kuma ruwan ƙasa ne na tsoho ba. Aninin farko na 1907, wanda aka yi da alminiyam kafin a canza ƙarfen a 1908, shi kuwa ƙarfensa yana da taushi sosai, har tsumma mai kaushi ma yana barin sawu a kansa.

Akwai wankin da ba ya barin layi ko ɗaya, kuma shi ne ya fi wuyar ganewa. Ana tsoma azurfa a ruwan sinadari mai asid na ɗan lokaci, ya cinye baƙin da ke sama, a ɗauraye. Idan an yi sau ɗaya da sauri a kan kuɗin da bai taɓa yawo ba, ko ƙwararru sukan yi saɓani a kansa. Idan an maimaita ko an bar shi ya jima, asid ɗin yakan ci layukan malalar nan da na ambata, sai kuɗin ya fito fari amma matacce, kamar alli, ba ya mayar da haske ta kowace kusurwa. Irin wannan farin ake gani a azurfar da ta bi ta hannun maƙeran farfaru, waɗanda suke gasa ta su tsoma a ruwan tsami, aikin da ya dace da munduwa da zobe amma yake kashe kuɗi. Wasu kuma bayan sun wanke sukan nemi mayar da duhun da hayaƙi ko wani sinadari domin su rufe sawunsu. Irin wannan launi yakan zauna a sama kamar an shafa shi, da dabbare-dabbare, yana hawa tudu da kwari da kauri ɗaya, kuma idan aka karkata kuɗin a gaban tocila layukan guga suna nan a ƙarƙashinsa.

Bayan kwana biyu da sayen sulen nan na koma wurin dattijon, ba don in mayar ba, sai don in ji gaskiyar abin da ya faru da shi. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, sulen nan da na saya, da me aka gyara shi ya yi haske haka?" Ya ce, "Ɗana, ni da hannuna na dirje shi da toka da lemon tsami. Da ka ga yadda aka kawo shi, baƙi ƙirin, wa zai ko kalle shi?" Bai ɓoye mini komai ba, domin a ganinsa gyara ya yi, kamar yadda mai sayar da kwano yake wanke shi kafin ya baje a kasuwa, kuma yawancin masu zuwa rumfarsa mai ƙyallin suke ɗauka su bar baƙin. Garin neman gira ne aka rasa ido, amma ba da mugun nufi ba. Tun daga ranar na daina tambayar mai sayarwa ko an wanke kuɗi, domin tambayar tana kama da zargi kuma amsarta kusan kullum a'a ce. Nakan tambaya da me aka gyara shi, sannan in roƙi a nuna mini waɗanda ba a kai ga gyarawa ba tukuna. Sau da yawa mafi kyawun kayan suna can ƙarƙashin tebur a cikin gwangwanin madara, suna jiran ranar da za a sami sukunin dirje su. Wanda kuma ya san cewa guga tana rage darajar kuɗi, ya goge, ya shafa masa duhu, ya rantse cewa haka ya same shi, wannan ya ɓoye aibi a ciniki, kuma hukuncinsa a addini da al'ada ba ɓoyayye ba ne.

Sayen kuɗi ta hoto a WhatsApp ko Facebook ya ƙara wa lamarin wuya, domin hoto guda da aka ɗauka da haske mai yawa yana iya shafe duk abin da na lissafa. Abin da nake nema shi ne gajeren bidiyo da aka ɗauka a ɗaki da fitila guda, ana juya kuɗin a hankali, fuska da baya da baki, kuma idan mai kayan ya ƙi sai in haƙura. A Amurka akwai kamfanonin tantance kuɗi irin su PCGS, wanda aka kafa a 1986, da NGC na 1987, waɗanda suke ba kuɗi maki daga 1 zuwa 70 su rufe shi a ƙwanson roba. Kuɗin da suka ga an goge ba sa ba shi makin, sai su rubuta a takardarsa cewa na gaske ne amma an wanke shi, kuma farashinsa a kasuwar duniya yakan faɗi ƙasa sosai da na ɗan'uwansa da ba a taɓa ba. Wannan ya shafi duk wanda yake saye a nan da tunanin wata rana ya sayar a waje.

Ba na cewa kada a taɓa sayen wankakken kuɗi. Abin da nake dubawa shi ne ko zan iya samun wani irinsa nan gaba. Kwabon 1936 mai ɗauke da sunan Sarki Edwad na Takwas, wanda ya yi murabus kafin shekarar ta ƙare, mutane da yawa suna zaton abu ne mai wuyar samu, alhali an buga shi da yawa ƙwarai kuma yana nan a ko'ina, saboda haka babu dalilin karɓar wanda aka dirje. Idan kuwa shekara ce mai ƙaranci, ko wani harafi mai nuna ma'aikatar da ta buga kuɗin da na daɗe ina nema, H na Heaton ko KN na King's Norton, dukkansu a Birmingham, to zan iya saye in cike gurbi, amma da farashin wankakke, kuma in rubuta haka a takardar da nake ajiye shi. Haka nan ban ɗauki cire datti daidai da guga ba. Idan kore ya soma cin jan ƙarfe, ko ledar ajiya ta bar danƙo a kan azurfa, barin sa ma ɓarna ce, kuma jiƙa kuɗi a asiton mai tsabta, wato wani ruwan sinadari mai narkar da danƙo, ko tataccen ruwa ba tare da murzawa ba ba ya taɓa ƙarfen.

Liyari kuwa, wato dalar Mariya Taresa da ta shigo ƙasar Hausa ta hanyar fatake tun kafin zuwan Turawa, ma'auninsa dabam ne a wurina. Shekarar 1780 da ke jikinsa ba ta nuna lokacin da aka buga shi, domin tun bayan rasuwar sarauniyar a wannan shekara aka ci gaba da buga shi da lambar ba a canza ba, a Biyana da wasu birane kamar Landan da Faris da Rum da Bombai, kuma har yanzu ana bugawa a Ostiriya. Ke nan liyari mai haske yana iya zama sabon bugu ne kawai wanda ba a taɓa wankewa ba, kuma juyawar hasken ce za ta raba gardama. Nauyinsa ya ɗan haura giram 28, azurfarsa kashi 833 cikin dubu, kuma yana da rubutu a bakinsa, inda nake fara neman tabon walda ko wurin da aka kankare, domin da yawa daga cikin waɗanda ke hannunmu an taɓa liƙa musu kunne an rataya a wuya. Mai tara kuɗi a Turai zai ce irin wannan ya lalace. Ni kuwa idan na ga liyarin da ya yi sulɓi saboda shekarun da ya yi yana gugar fata da zane a ƙirjin wata baiwar Allah, ba na sa shi a sahun wanda aka dirje jiya da soson ƙarfe domin ya burge mai saye. Sulɓin ado yana da laushi, ya fi yawa a fuskar da take manne da jiki, kuma ba shi da jerarrun layuka. Ina sayen irinsa a matsayin kayan adon iyayenmu, da farashin da ya dace da haka.

Yanzu duk lokacin da zan je kasuwa nakan tafi da sulalla biyu a 'yar takarda: na 1913 da Baba ya goge, da wani na 1916 mai launin toka wanda ya zaizaye daidai da shi amma ba a taɓa shi ba. Idan wani kuɗi ya sa ni shakka, sai in jera shi a tsakaninsu a tafin hannu in haska tocila, kuma galibi kafin in gama juya su sau ɗaya na ga wanda ya fi kama da shi. Baba kuma yana ajiye mini gwangwani guda da ya hana yaran rumfa su taɓa. A zuwana na ƙarshe na zaɓo daga cikinsa kwabon 1936 mai harafin KN, launinsa toka-toka ne bai ɗaya daga baki har tsakiya, akwai ɗan saura na sheƙin asali a tsakanin tsinayen tauraron, kuma a cikin hujin akwai guntun zaren da wani ya taɓa shirya kwabbansa a kai. Na bar zaren a inda yake.